Faifan Sakkwato, Kunnen Kafanchan

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin masu tura waƙoƙi a kasuwar Kafanchan ya san yadda cinikin yake tafiya. Ɗan teburi ne a ƙarƙashin lema, da tsohuwar kwamfuta wadda haruffanta suka goge don yawan dannawa, da igiyoyin caji a cukurkuɗe, da sifika guda da ba ta hutawa daga safe har magariba. Kana miƙa memori yaron zai ɗago kai ya ce, "Baba, na coci ko na fim? Ko in haɗa maka duka?" Ka ce ya haɗa. Kafin ka gama gaisawa da mai sayar da citta na gefe ya cika maka shi taf, ka biya, ka kama gabanka. Sai ka isa gida ka zauna sannan za ka san abin da ka sayo.

Da yawa daga cikin waƙoƙin ba su da suna. Wata lambobi ne kawai a jere, wata an liƙa mata sunan mawaƙin da bai ma san da ita ba, wata kuma sunan shagon da ta fara bi ta cikinsa ne, a Jos ko Kaduna ko Kano. Kuma a kowane memori, tsakanin waƙoƙin biki da na yabo da na soyayya, ba a rasa baƙuwa ɗaya ko biyu da ba wanda ya ce a sa masa. Yaron ba ɗaya bayan ɗaya yake zaɓa ba, folda guda yake kwashewa, shi ma haka aka kwaso masa. Yawanci mutum na jin farkonta yake tsallakewa. Amma wani lokaci hannu yana cikin ruwan wanki ko yana kan sitiyari, ba damar dannawa, sai baƙuwar ta samu ta kai ƙarshe. Bayan kwana biyu sai ka tarar kai ne kake lalubenta. Waɗannan baƙin waƙoƙi sun daɗe suna ɗaukar hankalina, domin a cikinsu akwai wadda ta fito daga faifan da ya buɗe wa kiɗan jitar Sahara sabuwar ƙofa, kuma a ƙasar Hausa aka ɗauke shi.

Na san sunan mai ita ne a bakin wani shagon kayan gini a hanyar Kagoro, da yammacin hunturu, lokacin da hazo ya rufe dutsen Kagoro har ba a ganin kansa. Maigadin wurin Ba'abzine ne, yana zaune a tabarma da rawaninsa, yana fifita gawayi a ƙarƙashin 'yar butar shayi. Ya jefa wayarsa a cikin kofin silba don sautin ya ƙara kauri, dabarar da kowa ya iya a garin nan. Abin da ke fitowa daga kofin na riga na san shi, yana cikin memorina a matsayin lambobi. Na yi masa sannu da hutawa, na ce, "Malam, wa ke wannan waƙa?" Ya ɗaga butar sama ya tsiyaya shayin a ƙaramin kofi har ya yi kumfa, ya mayar cikin buta, sannan ya ce, "Mdou ne, yaron wajenmu. Ai a nan ƙasarku ya yi ta, a Sakkwato." Ya miƙo mini kofin farko mai ɗaci, muka saurara har ta ƙare, ya sake mayar da ita farko.

Waƙar ba ta gaggawa. Jita ce take zagaya ɗan gajeren kiɗa guda, ta je ta dawo, ta je ta dawo, a ƙarƙashinta gangar na'ura tana bugawa, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. A sama kuma murya ce siririya mai rawa, wadda kwamfuta ta taɓa, tana hawa tana sauka da ƙyallin ƙarfe a jikinta. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san wannan murya. Ita ce ta waƙoƙin finafinan Kano, ita ce ke tashi a gidan biki da shagon aski da motar haya. Sai dai a nan da harshen Tamashek take magana, kuma babu cunkoson kayan kiɗa da muka saba ji a bayanta. Tsakanin baiti da baiti ana sakar wa jitar mara ta yi ta zagayenta. Ko ba ka jin kalma ɗaya za ka gane mai waƙar yana kewar wani abu ne mai nisa, kuma kafin ka ankara kai ma ka fara tuna naka.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, duniya kuma ta san shi da Mdou Moctar. Ɗan jihar Tawa ne a Nijar, daga yankin Abalak da Cin Tabaraden. Gidansu gidan addini ne da ba a maraba da kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke, bayan ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita. Bahago ne. Ya je ci-rani Libiya ya dawo, hanyar da samarin yankin da dama suka bi. Kiɗan da ya tarar ya riga ya kafu: tun wajen 1979 da Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka fara abin da ya zama ƙungiyar Tinariwen, jitar Abzinawa take yawo a kaset daga hannu zuwa hannu, da waƙoƙin fari da gudun hijira da tawaye. Abin da shi ya ƙara ya faru ne a 2008, lokacin da ya tsallako iyaka zuwa Sakkwato, ya shiga situdiyon da aka saba ɗaukar waƙoƙin Hausa na zamani, ya yi faifansa na farko mai suna Anar da kayan aikin da ya tarar a wurin.

Kayan aikin nan suna da nasu tarihin. Daga tsakiyar shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon kamfanin Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da ganga da sarewa da duk abin da ake buƙata. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna wa kowa cewa wannan sauti zai sayu, daga nan ya mamaye Arewa har ya tsallaka Nijar da Gana da Kamaru. Sai kuma Auto-Tune ta iso. Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, wanda ya yi aikin nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa don neman mai, shi ya fito da manhajar a 1997 domin gyara muryar mawaƙin da ya kauce. Aikinta shi ne ta jawo murya zuwa matakin sauti mafi kusa. In aka saita ta a hankali ba wanda zai san an yi gyara. In aka ƙure mata sauri sai ta hana murya sulalewa daga mataki zuwa mataki, ta riƙa fizgarta, shi ne ake jin wannan karkarwa. Duniya ta fara jin haka a waƙar Cher ta 1998. Rerawar Bahaushe da ta Ba'abzine kuwa cike take da lanƙwasa da jan murya, saboda haka manhajar ba ta samun hutu a kansu, kowace gaɓa sai ta bar mata alama.

Dattawa da masu kishin kiɗan gargajiya sun sha kushe wannan sauti. An ce kiɗan fiyano ne, nanaye ne, ya kashe kalangu da kukuma, ya sa wanda ba shi da murya ya zama mawaƙi. A cikin kukan nasu akwai gaskiya, domin makaɗa da yawa sun rasa abin yi. Amma baƙon da ya zo daga Tawa bai shigo da wannan raini ba. A yadda nake jin faifan, ya saurari muryar na'urar ne ya tarar akwai kaɗaici a cikinta, irin wanda waƙoƙinsa suke buƙata. Ya ɗauki abin da aka saba sa wa don rawa ya sassauta masa, ya bar yawancin abin da fiyano ke iya zubawa, ya tsaya a kan jita da ganga da murya da filin da ke tsakaninsu. Filin nan shi ne ƙarfin faifan. Shi ke ba kunne damar jin yatsa yana goga waya, da jin murya tana ƙarewa kafin wata ta taso. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ko da a bishiyar maƙwabta ya sauka.

Ba kamfanin da ya fitar da Anar a lokacin, ba a kai shi kanti ba. Waya ce ta ɗauke shi. A waɗannan shekaru ne wayoyi masu memori da Bluetooth suka cika Sahel, mutane kan zauna a tasha ko a majalisar shayi su kusanta wayoyinsu su yi musayar waƙoƙi, ba intanet, ba biyan ko sisi. Ta haka waƙoƙin suka bi direbobi da 'yan ci-rani da fatake har arewacin Mali. A garin Kidal wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya kwafi waƙoƙi daga wayoyin jama'a, a ciki har da Tahoultine ta wannan faifai. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da tarin da sunan Music from Saharan Cellphones. Sai da ya sha nema kafin ya kai ga mai waƙar, domin ɗan abin da ke rubuce a jikinta bai isa jagora ba. A nan nake ƙara ganin hikimar mawaƙanmu da suke ambaton sunansu da na makaɗi da na situdiyo a tsakiyar waƙa. Wasu na ɗaukarsa cika baki. Alhali rubutu yana gogewa daga waya zuwa waya, abin da aka rera kuwa yana nan daram.

A 2014 aka buga Anar a faifan garmaho, shekara 6 bayan ɗaukarsa, lokacin da wayoyin Sahara suka riga suka gama zagaye da shi. Daga nan hanya ta miƙe. A 2015 Mdou ya fito a wani fim na harshen Tamashek da aka yi a Agadas. A 2019 ya fitar da Ilana, wanda ya ɗauka a birnin Ditroit na Amurka tare da cikakkiyar ƙungiya, a 2021 kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime, wanda ya shiga jerin fitattun faifan shekarar a mujallun kiɗa da dama, a 2024 kuma Funeral for Justice ya biyo baya. Kiɗan ya koma na lantarki mai tsawa, har masu sauraron kiɗan rok suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, waƙoƙin kuma suka ɗauki zancen yadda ake kwashe arzikin Afirka. Muryar na'ura ya ajiye ta. Amma ginshiƙin yana nan: ɗan gajeren zagaye da ake maimaitawa har mai saurare ya daina ƙirga lokaci. Kuma faifan Anar ya share wa wasu hanya, domin ya taimaka wajen juyo da kunnen waje ga abin da ke cikin wayoyin talakawa. A 2013 Sahel Sounds ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa zalla. Sautin da muke ji a motar haya ba tare da mun ɗaga kai ba ya zama abin nema a kantunan faifai na Turai da Amurka.

Irin wannan labari ya faru a wasu wurare, da kuɗi ko babu. A Ingila akwai ƙungiyar Talk Talk, wadda ta yi suna da waƙoƙi masu sauƙin shiga kunne, har faifanta na 1986 ya kawo riba mai yawa. Da kamfanin EMI ya sakar musu hannu, sai Mark Hollis da abokan aikinsa suka shige situdiyon Wessex a Landan, suka rage fitilu, suka yi watanni suna gayyato makaɗa su kaɗa abin da ya zo musu, sannan suka zauna suka zubar da mafi yawansa. Abin da ya rage shi ne Spirit of Eden na 1988, waƙoƙi 6 masu tafiya a hankali, inda shiru yake da matsayi daidai da na sauti. Kamfanin bai ji daɗi ba, cinikin bai kai na baya ba. Amma makaɗan da suka taso daga baya, irin su Elbow da Radiohead, sun sha daga wannan rijiya, kuma lokacin da Hollis ya rasu a 2019 da wannan faifai aka fi tuna shi. A Yamai kuwa, tun 1978, Mamman Sani ya zauna a gidan rediyon ƙasa da wani fiyano na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya mayar da karin waƙoƙin makiyaya zuwa sauti mai laushi da nisa. Kaset kaɗan aka buga. Rediyo da talabijin na Nijar suka riƙa sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye, mutane suka tashi da shi a kunne ba su san mai shi ba, sai a 2013 aka sake fitar da shi, bayan shekara 35. Mutum uku, ƙasa uku, hali ɗaya: kowannensu ya sami na'urar da za ta iya cika ko'ina da ƙara, ya zaɓi ya bar fili.

Kafanchan ta fi garuruwa da yawa cancantar gane wannan. Tun 1927 da layin dogo daga Fatakwal ya iso ya wuce Kaduna, reshe kuma ya haura Jos, garin ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe Ibo da Yarbawa da Hausawa suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da mutanen Kagoro da Bajju da Ham da Atyap, Hausa ta zama harshen kasuwa da na sujada, kunnen garin ya saba da baƙon sauti. Yanzu kukan jirgi ya yi wuyar ji, memori ne ke jigilar. Garin ya ga tashin hankali a 1987 da 1999 da 2011, unguwanni sun ja baya da juna, kuma ciwon bai gama warkewa ba. Duk da haka fiyanon da ke raka waƙar bishara da Hausa shi ne ke raka waƙar bege da ta fim, sau da yawa ma bugu ɗaya ne aka zaɓa daga cikin na'urar. Yaron da ke kaɗawa a coci ranar Lahadi ya san salon Kano sarai, mai situdiyon unguwar Hausawa kuma ya san yadda mawaƙan coci ke jera muryoyi hawa-hawa. Sauti yana shiga inda ƙafa take jin nauyin shiga. Wannan arziki ne da ba mu cika lissafa shi ba.

Akwai kuma arzikin da ya fi wannan tsufa. Ka bi ta gefen wata majami'a da yammacin ranar da Zumuntar Mata ke gwajin waƙa, lokacin da ba a kunna janareta ba, ba sifika ba makirfo. A gaba za ka ga iyaye mata biyu ko uku a zaune, kowace da tulu a gabanta, a hannunta soso naɗe da tsumma. In ta buga bakin tulun ba ƙara yake yi ba, wani gurnani ne mai zurfi da ƙirji ke riga kunne ji, ya daɗe yana lilo a ɗakin kafin ya mutu. Babban tulu yana ƙasa, ƙarami yana samansa, caki yana yayyafi a gefe, kuge yana tsaga su da ƙarfensa. Mai ba da waƙa ta ɗaga baiti, sauran su amsa, sai a ɗan tsaya, tulun ya yi magana shi kaɗai. In damina ce kuma ruwa ya sauko a kan kwano, sai rufin ya shiga cikin kiɗan, matan su ƙara murya ba tare da kowa ya ce a ƙara ba. Wata tsohuwa takan juya ta ce wa ƙaramar da ke gefenta, "'Yata, kada ki riga tulu, ki jira shi." Makarantun kiɗa suna shekaru suna koyar da abin da ke cikin wannan magana.

Haka masu busa ƙaho. Ranar 1 ga Janairu a bikin Afan na Kagoro, ko a Tuk Ham na Kwoi, in suka jeru za ka lura kowane ƙaho murya ɗaya ko biyu gare shi. Mutum ɗaya ba zai iya busa waƙar ba ko ya kai wa ƙwarewa. Wannan ya saki tasa, wancan ya cafe, na uku ya cike gurbin, kamar luguden mata a turmi ɗaya, inda kowace taɓarya take sauka a ramin da 'yar'uwarta ta bari. Wanda ya tsaya kusa zai ji mutane daban-daban suna busa. Wanda ya ja baya zuwa gindin dutse zai ji waƙa guda tana juyawa, dutsen kuma yana mayar da ita. Maimaici, da haƙuri, da fili, da amon wuri: duk abin da ake yaba wa faifan Sakkwato da na Landan a kansa, kakanninmu sun riga sun ajiye shi a nan.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke faruwa in waɗannan sautuka suka zo ƙofar situdiyo. Situdiyoyinmu ɗaki ɗaya ne a bayan shago, bango liƙe da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa, janareta na ruri a waje. Mata su yi anko su zo ɗaukar faifansu, sai a ce su bar tuluna a waje, domin ɗakin ya yi kaɗan kuma daidaita makirfo a kansu zai ci lokaci. Mai situdiyo ya danna fiyano ya zaɓo bugu, ya ƙara masa gudu, ya zuba sarewa da goge na na'ura a duk inda ya ji shiru. A ƙarshe faifan da aka yi wa matan Zonkwa da na Kwoi da na Kaciya su fito da fuska ɗaya, ba mai bambance su sai harshe. Ban ga laifin yaran ba. Da awa ake biyansu, mai ya yi tsada, masu kawo aiki kuma abin da suka ji a wayar maƙwabta shi suke so. Amma asarar tana da girma, domin abin da aka bari a bakin ƙofa shi ne abin da babu shi a ko'ina a duniya sai a nan.

Darasin Anar ba ya cewa a jefar da fiyano ko a goge Auto-Tune. Da su aka yi shi. Yana cewa ne kayan da ke hannunmu sun isa, in aka sami mai ƙarfin halin amfani da su ta hanyar da ba a saba ba. A ɗauki makirfo ɗaya mai kyau a kai shi majami'a ranar gwaji, a ɗauki tulu tare da ɗakinsa da ruwan samansa. A bi masu ƙaho zuwa gindin dutse, a bar su su busa minti goma ba a katse su ba, sannan a dawo a ɗora jita mai tafiya a hankali a kai. A gwada muryar na'ura a kan Jju da Tyap da Hyam, harsunan da hawa da saukar murya ke canza ma'anar kalma a cikinsu, a ji abin da zai fito. Wani gwajin zai lalace, wani zai ba da abin da ba a taɓa ji ba. A kuma ambaci sunan kowace uwa da kowane mai busa a cikin faifan, domin duk inda ya je a san masu shi.

Irin wannan aiki ba ya mayar da kuɗinsa a shekarar farko, kuma matashin da ke ci daga situdiyo ba zai iya ɗaukar nauyinsa shi kaɗai ba. Ƙungiyoyin ci gaban al'ummominmu da manyan majami'u da masu hannu da shuni suna kashe kuɗi duk shekara a kan rumfa da kujeru da kalanda. Daga ciki a ware kuɗin mai da na situdiyo na mako guda, a haɗa matashi mai kunne da tsofaffin masu tulu da ƙaho tun suna da rai da lafiya, a biya kowa haƙƙinsa, kuma kada a tambaye su ko za a iya rawa da abin da za su fitar.